A Share Bututun Bindigar Gasa Bayan Kowane Harbi

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a tsakanin masu wasan harbi a Turai da Amurka, wai ƙaramar bindigar nan mai cin harsashin .22 LR ba ta buƙatar shara, har wasu na cewa sharar ce ma ke kashe ta. Ban yarda da wannan magana ba, ko da yake na san inda ta samo asali.

Kamfanin Stevens na Amurka ne ya fito da wannan harsashi a 1887, kuma har yau shi ake harbawa a gasar Olamfik ta mita 50, haka ma a gasar gudun ƙanƙara da harbi tun 1978. Kansa dalma ce mai laushi, nauyinsa bai wuce giram 2.6 ba, an shafe shi da kaki. Duk harbi ɗaya yana barin kakin nan a cikin bututu, tare da tokar albarushi da ɓurɓushin dalma. Sinadarin da ke kunna albarushin kuma galibi akwai garin gilashi a cikinsa, wanda ke kwanciya a ƙasan bututun, harsashi na gaba ya bi ta kansa yana gurzar ƙarfe. Mafi muni shi ne baƙin zoben toka da ke taruwa daidai inda bakin kwanso ya tsaya. Idan aka bar shi ya sandare, sai ya riƙa matse dalmar yana sauya mata siffa tun kafin ta kama hanya. Da'irar maki goma a gasar mita 50 kuwa faɗinta milimita 10.4 ne kacal, bai kai na farcen ɗan yatsa ba. Wanda ke neman wannan ɗigon ba shi da rarar da zai bar wa datti.

Masu ƙin shara suna cewa zamanin tsatsa ya wuce. Gaskiya ne a da sinadarin kunna harsashi yana barin gishiri mai jan danshi, bututu ya kwana ɗaya ya yi ja, kuma tun ƙarshen shekarun 1920 kamfanin Remington ya fito da wanda ba ya yin haka. To amma ƙonewar albarushi kanta tana fitar da tururi, bindigar da aka shigo da ita ɗaki mai ɗumi daga cikin sanyi kuma zufa take yi ciki da waje. Tokar da aka bari ita ce ke riƙe wannan danshin a jikin ƙarfe.

Hujjarsu ta biyu ta fi ƙarfi. Sun ce bayan an share bututu tas, harbin farko-farko yakan kauce. Haka ne, domin an kwashe kakin da dalma ke sulɓi a kansa. Sai dai maganin wannan ba shi da wuya, 'yan harsasai kaɗan za a harba kakin ya koma, kuma dokar gasa ta ware minti 15 na shiri da gwajin saiti kafin a fara ƙirga maki. Kaucewar da shara ta jawo kenan takan wuce tun kafin gasa ta fara. Wadda zoben toka ya jawo kuwa ƙaruwa take yi a hankali, mai bindiga yana zargin harsashi ko iska ko idonsa.

Abin da ya fi ba su tsoro shi ne ɓarnar da shara ke yi, kuma a nan ina tare da su, domin bututu da yawa sun lalace a hannun masu su. Amma a duba yadda aka yi. An zura sanda ta bakin bindiga tana gogar gefen da harsashi ke rabuwa da ƙarfe, wurin da ƙwarzane ɗaya ya isa ya karkatar da harbi. Ko an yi amfani da sanda mai gaɓa-gaɓa, ko an juya buroshi a tsakiyar bututu. Laifin hannu ne aka ɗora wa shara. Yadda ya kamata shi ne a fara tabbatar da babu harsashi a ciki, a zare sakata, a shiga ta baya da sanda guda mai rufi, tare da ɗan bututun da ke riƙe ta a tsakiya. A tura ƙyalle mai ɗan ruwan wanki sau ɗaya ya fita ta baki, a jefar, a sa sabo, har ya fito fari. Idan ajiya za a yi, a shafa mai kaɗan, a goge shi kafin harbi na gaba. Baƙin da ke jikin ƙyallen nan akwai dalma a ciki, kuma mu da muka ga abin da gubarta ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba sai an ce mana a wanke hannu a nisanta ƙyallen da abinci ba.

Don haka ina kira ga masu horarwa da ƙungiyoyin harbi su koya wa sabon ɗan wasa shara a ranar da suka koya masa saiti, kuma kada a mayar da bindiga cikin jakarta bayan harbi sai ƙyalle ya ratsa ta.