Aikin da fom ɗin ƙarin girma bai san shi ba

Daren jiya ƙanena ya kira ni, muryarsa a sanyaye. Malami ne a sashen injiniyan lantarki na wata jami'a, ba sai na faɗi sunanta ba. Shekara biyu ya kwashe yana rubuta wata manhaja mai tace hayaniya daga sautin da aka naɗa, ya yi ta gyara har ta kai tana aiki a tsofaffin kwamfutocin sashensu, ɗalibai suna yin aikin kammala digiri da ita. Kwamitin ƙarin girma ya ce wannan ba bincike ba ne, ya kawo maƙaloli. Biyu suka rage masa. Sai baɗi.

Raina ya ɓaci wallahi, kuma tun da muka ajiye waya nake tuna wani mutum da shi kansa ƙanen nawa ya taɓa ba ni labarinsa, Matteo Frigo, ɗan Italiya da ya yi digirin digirgir a MIT ta Amurka.

Bari in ɗan yi bayani, ku yi haƙuri da ni. Akwai wani lissafi da ake kira FFT. Aikinsa shi ne ware sigina zuwa sassanta, kamar yadda kunnen gwani ke jin kiɗan fada ya ware amon tambari daban, na algaita daban. Da shi WiFi da 4G ke aiki, da shi ake fito da hoton MRI a asibiti, masu neman man fetur ma da shi suke karanta girgizar ƙarƙashin ƙasa. A 1965 James Cooley da John Tukey suka wallafa gajeriyar hanyar yin sa. In kana da ma'auni 1024, tsohuwar hanya na cin lissafi sama da miliyan ɗaya, tasu kuwa wajen dubu goma.

To an san hanyar, saura me? Matsalar ita ce kowace kwamfuta da halinta. Tsarin da ke gudu a wannan sai ya yi tafiyar hawainiya a waccan, saboda yawancin lokacin ba a lissafin yake tafiya ba, wajen ɗauko lambobi daga ma'ajiya yake tafiya. Frigo da abokinsa Steven Johnson suka fitar da FFTW a 1997. Dabararta ta burge ni: kafin ta fara aiki sai ta gwada hanyoyi daban-daban a kan kwamfutarka, ta auna lokacin kowace, ta zaɓi mafi sauri, kamar direban da ya zagaya gari da agogo kafin ya ɗauki fasinja. Ƙananan sassan manhajar ma ba da hannu aka rubuta su ba, Frigo wata manhaja ya ƙera ita ke rubuta su.

A 1999 aka ba su kyautar Wilkinson, wadda aka ware musamman don manhajar lissafi. Yau duk ɗalibin da ya buga fft a MATLAB, a Zariya yake ko a Tokyo, aikin mutanen nan ne ke gudu a ƙarƙashi, bai ma san sunansu ba. Kuma kowa na iya sauke ta kyauta.

Na san wani zai ce ai Frigo ma ya rubuta maƙala. Haka ne, ya rubuta a 1999, bayan shekara goma ma aka karrama ta. Amma maƙalar bayanin manhajar take yi, manhajar ce aikin. Mu kuwa mun riƙe inuwa mun saki mutum.

Ba na zagin 'yan kwamiti, don ni ma na sha zama a irin wannan kujera a ma'aikatarmu. Abin da fom ya tambaya shi muke ƙirgawa, saboda ƙirge ba ya jawo ƙorafi, hukunci kuwa yana jawowa. Kuma gaskiya in aka buɗe ƙofar ba tsari, kowa zai kwafo abu daga intanet ya ce nasa ne. Sai dai manhaja ta fi maƙala sauƙin tantancewa. A buɗe ta, a kunna ta, a auna gudunta, a tambayi su wa ke amfani da ita. Masana biyu daga wata jami'a za su gama wannan cikin mako guda. Maƙalar da aka biya kuɗi aka buga a mujallar da babu mai karantawa fa, wa ya taɓa kunna ta?

Abin dariya, a ofishinmu da zarar kwamfuta ta yi nauyi sai a rubuta takardar sayen sabuwa. Wanda zai iya sa tsohuwar ta yi gudu kuma mun ce masa aikinsa ba aiki ba ne.

Na ba ƙanen nawa shawara ya ɗora manhajar a intanet, ya rubuta maƙala a kanta. Ya ce, "Yaya, wannan zai ci wata shekarar. Akwai mujallar da za ta buga min biyu kafin Sallah in na biya, manhajar kuma na ajiye ta tukuna." 'Ya'yansa uku, gidan haya yake. Na buɗe baki in ce kada ya yi, na kasa.