Tallafin Manyan Ƙasashe da Faifan Solar Talaka

A ranar 9 ga Agustan 2022 shugaban Amurka na wancan lokaci, Joe Biden, ya sa hannu a kan dokar da ta ware dala biliyan 52.7 domin ƙera cif a cikin ƙasar, wato 'yan mitsitsin sassan nan da ake sassaƙawa a jikin silikon, waɗanda su ne ƙwaƙwalwar wayar salula da kwamfuta da motar zamani, sannan bayan mako guda ya sa hannu a kan wata dokar da aka raɗa wa sunan rage hauhawar farashi, alhali babban abin da ke cikinta tallafi ne ga makamashi mai tsabta, wanda aka ƙiyasta a lokacin zai kai dala biliyan 369. Tallafi a nan yana nufin duk wata hanya da gwamnati ke bi ta ɗauke wa kamfani ko mai saye wani kaso na abin da ya kamata ya biya, ko ta miƙa masa tsabar kuɗi, ko ta yafe masa haraji, ko ta ba shi rance mai sauƙin ruwa. Sharuɗɗan da aka gindaya su ne suka tayar da hankalin abokan cinikin Amurka, domin rangwamen haraji na har dala 7,500 da aka yi wa mai sayen motar lantarki bai hau kan kowace mota ba sai wadda aka harhaɗa a Arewacin Amurka, haka kuma kamfanin da ya karɓi kuɗin ƙera cif an hana shi faɗaɗa irin wannan masana'anta ta zamani a ƙasar Sin har tsawon shekara goma.

Irin sharaɗin da aka gindaya wa motar lantarki shi ne abin da dokokin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya suka haramta tun kafa ta a 1995, domin yarjejeniyarta kan tallafi ta hana nau'i biyu kai tsaye: wanda aka rataya a kan fitar da kaya waje, da wanda aka rataya a kan amfani da kayan gida a maimakon na waje. An kuma yi aiki da dokar. Kanada ta sha kaye a 2013 saboda lardin Ontariyo ya tilasta wa masu samar da wutar rana da ta iska sayen kayan gida, Indiya ma ta sha kaye a 2016 a ƙarar da Amurka ce da kanta ta shigar kan shirin wutar solarta. Wanda ya rayu a zamanin shirin gyaran tattalin arziki na 1986, lokacin da aka yi ta karanta wa Najeriya da maƙwabtanta cewa tallafi ɓarna ne kuma kare masana'antu raggwanci ne, yana da hujjar tuna cewa laifi tudu ne. Sai dai sashen ɗaukaka ƙara na ƙungiyar ya daina aiki tun Disamban 2019 saboda Amurka ta ƙi yarda a naɗa sababbin alƙalai, don haka duk ƙasar da aka yanke wa hukunci a yau tana iya ɗaukaka ƙara zuwa kotun da babu kowa a zaune cikinta, shari'ar ta kwanta a nan.

Tushen wannan sauyi yana ƙasar Sin. Jamus ce ta buɗe babbar kasuwar sola da dokar da ta yi a 2000, wadda ta lamunce wa duk wanda ya kafa faifai a rufinsa farashi tsayayye na shekara ashirin, amma masana'antun Sin ne suka ci moriyar kasuwar, da rancen bankunan gwamnati da filaye da wuta mai arha da gwamnatocin larduna suka tanadar musu, har Hukumar Makamashi ta Duniya ta bayyana a 2022 cewa kason Sin ya haura kashi 80 cikin ɗari a kowane mataki na ƙera faifan sola. Sakamakon haka farashin faifan ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020. A nan ne manufofi biyu da 'yan siyasar Yamma ke furtawa da baki ɗaya suka yi hannun riga: rage hayaƙin da ke ɗumama duniya yana buƙatar faifai da batir da mota mafi arha, ko daga ina suka fito, shi kuwa ma'aikacin masana'anta da ke kaɗa ƙuri'a a Ohayo ko Bavariya yana buƙatar a ƙera su a garinsa. Da aka zo zaɓi, ƙuri'a ce ta rinjaya. A 2024 Amurka ta ɗaga kuɗin fito a kan motocin lantarkin Sin zuwa kashi 100 cikin ɗari, a kan ƙwayoyin sola kuma zuwa kashi 50, Tarayyar Turai ita ma ta ƙara wa motocin har kashi 35.3 a kan kashi 10 da take karɓa tun da farko, Sin kuwa tun 2023 ta riga ta fara taƙaita fitar da galiyam da jamaniyam, ma'adinai biyu da ake amfani da su wajen ƙera wasu nau'o'in cif.

Turai ta ƙara da wata dabara, wato harajin kabon na kan iyaka, wanda aka fara gwajinsa a Oktoban 2023 kafin a shiga cikakken aiki da shi a Janairun 2026, kuma ma'anarsa ita ce mai shigar da siminti ko ƙarfe ko alminiyam ko takin zamani zai biya gwargwadon hayaƙin da aka fitar wajen sarrafa kayan. Hujjar tana da ma'ana, tunda masana'antun Turai suna biyan irin wannan kuɗi a gida, sai dai nauyin yana sauka har a kan ƙasa kamar Mozambik, wadda alminiyam ya daɗe yana cikin manyan abubuwan da ta sayar wa Turai, alhali rabonta a hayaƙin da ya taru a sararin samaniya bai taka kara ya karya ba.

Ƙasar da baitulmalinta ba shi da zurfi ba za ta iya shiga wannan tsere na tallafi ba, kuma ko masu zurfin ba su da tabbas, domin dokar da Donald Trump ya sa wa hannu a Yulin 2025 ta soke rangwamen nan na dala 7,500 daga ƙarshen Satumban shekarar. Abin da ya rage wa irin waɗannan ƙasashe shi ne abin da ke ƙarƙashin ƙasarsu, kuma Indonesiya ce aka fi kafa misali da ita. A Janairun 2020 ta hana fitar da ɗanyen nikel, ma'adinin da ake yin ƙarfe mara tsatsa da batirin mota da shi, Tarayyar Turai ta kai ƙara ta kuma yi nasara a Nuwamban 2022, Indonesiya ta ɗaukaka ƙara zuwa kotun nan da ba ta zama, ta ci gaba da abinta, masana'antun narkar da nikel suka cika yankin Morowali na tsibirin Sulawesi. Masu yabon wannan mataki sukan tsallake abubuwa uku. Indonesiya ce ta fi kowa nikel a duniya, don haka mai saye ba shi da ƙofofi da yawa da zai ƙwanƙwasa; jarin da ya gina masana'antun mafi yawansa na kamfanonin Sin ne; wutar da ke narkar da ma'adinin kuwa daga tashoshin kwal take fitowa, waɗanda aka gina musamman domin wannan aiki, abin da ya sa batirin motar da ake kira mai tsabta ya fara rayuwarsa cikin baƙin hayaƙi. Zimbabuwe ta bi sahu a Disamban 2022 da hana fitar da ɗanyen litiyam, Najeriya ma tana sharɗanta wa masu haƙar ma'adinai su sarrafa shi a gida, har an buɗe masana'antar tace litiyam a jihar Nasarawa a 2024, sai dai ƙasar da wutar da take rabawa ke kai-komo tsakanin megawat 4,000 da 5,000 ga mutum sama da miliyan 200 ba za ta narkar da komai da umarni kawai ba.

Da wannan ma'auni ya kamata a auna maganar da ta fito daga gwamnatin tarayyar Najeriya a 2025, cewa za a hana shigo da faifan sola domin a ƙarfafa masu ƙera shi a gida. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, farashin lita ya ninka kusan sau uku cikin 'yan kwanaki, sola ta zama mafakar mai noman rani da ya ajiye injin ban-ruwa mai shan fetur, da mai cajin waya, da mai sayar da ƙanƙara, da asibitin ƙauye da ke ajiye allurar rigakafi a firji. Arhar faifan da waɗannan mutane ke saye ba kyautar kowa ba ce, amma a zahiri wani kaso na kuɗinsa masu biyan haraji a Sin da masu biyan kuɗin wuta a Jamus ne suka riga suka biya, kuma da wuya a sake samun lokacin da tallafin ƙasa mai ƙarfi zai gangaro har hannun manomin Haɗeja kamar haka. Rufe wannan ƙofa kafin a gina masana'antar da za ta cike giɓin fafe gora ne ranar tafiya, musamman da yake masu harhaɗa faifan a cikin gida su ma daga Sin suke sayo ƙwayoyin da suke jerawa a cikinsa. Indiya, wadda ta ɗora kashi 40 cikin ɗari a kan faifan waje daga Afrilun 2022, ta haɗa harajin da kuɗin da take biyan masana'anta gwargwadon abin da ta ƙera, ga kuma kasuwar cikin gida da ta isa ta riƙe su. Najeriya kuwa ta riga ta ga abin da rufe iyakokin tudu daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ya haifar a kan shinkafa: farashi ya tashi, buhunan waje suka ci gaba da shigowa ta ɓarauniyar hanya daga Benin da Nijar.

Inda gwamnati ke da abin yi a yanzu ya fi wannan sauƙi, ko da yake ba ya cika kanun labarai. Hukumar kula da ingancin kayayyaki tana iya tare faifai da batir na jabu tun daga tashar jiragen ruwa, domin su ne ke cinye kuɗin talaka cikin shekara biyu, ana iya yafe kuɗin fito a kan ƙwayoyin sola da gilashi da sauran kayan haɗi ta yadda mai harhaɗawa a gida zai iya gogayya da na waje, sannan ayyukan da gwamnati ke saye da kuɗinta, kamar sanya wa makarantu da asibitoci wuta, a fifita kayan gida a cikinsu idan sun cika ma'aunin inganci. Dala miliyan 750 da Bankin Duniya ya amince da su a Disamban 2023 domin ƙananan tashoshin sola a Najeriya kasuwa ce da ta isa a gwada ko masu harhaɗawar za su iya cika oda a kan lokaci da farashin da ya dace.