Adon Bango: Araha Ba Ta Ado

Duk wanda ya san ƙasar Damargu ya san cewa da zarar an gama girbin gero, an ɗaure dammuna an zuba a rumbu, to lokacin biki ya kama. Daga Falanko zuwa Tanut, daga Tanut zuwa Belbeji, babu ranar da kasuwa za ta ci ba ka ga iyaye mata sun yi dafifi a rumfar masu kayan ɗaki ba, wannan na tayin katifa, waccan na ƙwanƙwasa kwano ta ji ko ya tsage. A gefen irin waɗannan rumfuna kuwa ba a rasa yaron da ya shimfiɗa leda a ƙasa, ya baje hotunan bango masu ƙyalli, ya danne su da duwatsu don kada iska ta kwashe. Ga na ruwa yana gangarowa daga kan dutse, ga na jaririn Bature, ga na tebur shaƙe da inabi da tuffa, ga na 'yan fim, ga kuma masu ɗauke da ayoyi. Uwar da ta yi rabin sa'a tana ciniki a kan tukunya guda, sai ka ga ta ɗebi hotuna biyar cikin minti biyu ba tare da ta tsaya ta dube su da kyau ba.

A kan wannan ne nake son yin magana da 'yan kasuwa maza da mata, domin ku ne masu saye, kuma ku ne masu sarowa ku kawo wa jama'a. A nawa ra'ayin, hoto ɗaya ko biyu masu ƙwari da ma'ana sun fi goma na takarda, kuma bai kamata wani abu ya hau bangon ɗaki ba sai an yi masa tambaya uku: zai daɗe, ya dace da gidan, kuma ina kuɗin da aka saye shi da su za su tafi?

Da farko ya kamata mu tuna cewa adon bango ba baƙonmu ba ne. Wanda ya zaga unguwar Birni ko ta Zango a cikin garin Damagaram zai ga gidajen da aka yi wa zayyana a fuskar zaure, da dagi da sauran zane iri-iri, wasu an tona su a jikin yaɓe, wasu an shafa musu launi. Haka abin yake a Kano da Katsina da Zariya, inda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a a farkon rabin ƙarni na 19, aikin da har yau masana gini ke zuwa kallo. Magina sukan kafa kwano mai fenti a tsakiyar ɗaurin guga don ya zama idon ɗaki. Su kuwa mata adonsu shi ne jere. Da ƙwarya mai zane aka fara, aka zo tasa, aka zo kwalla da fanteka da langa, daga baya kuma tangaran da kabad mai gilashi suka shigo.

Kada wani ya ce iyayenmu sun ƙi kayan waje. Damargu kan hanyar ayari take, wadda ta taso daga Tarabulus ta bi ta Azbin ta sauka Damagaram da Kano, kuma ta nan takarda da madubi da alharini suka riƙa shigowa. Lokacin da Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ratsa Damargu a watan Janairun 1851, ya tarar ita ce rumbun da ke ciyar da mutanen Azbin da hatsi. Ita kanta kwallar da muke tinƙaho da ita daga ƙasashen waje aka fara kawo ta. A ƙarni na 20 ma masu zayyana sun zana keke da mota da jirgin sama da agogo a fuskar gidaje. Bambancin shi ne su sun zaɓa ne, suka ɗauki baƙon abu suka sa shi cikin tsarinsu. Kuma jere dukiya ce. Macen da ta shiga matsi za ta iya sauke tasa ɗaya ta sayar ta rufa wa kanta asiri. To, wa zai sayi tsohon hoton takarda a hannunki, Hajiya?

Mu ɗauki tambaya ta farko, wato daɗewa. Akasarin hotunan nan masu araha da tawada kala huɗu ake buga su: shuɗi da ja da rawaya da baƙi. Rana takan fara cinye rawaya da ja, shi ya sa hoton da aka saya yana walƙiya sai ka tarar bayan 'yan watanni ya koma shuɗi-shuɗi kamar an tsoma shi a karofi. Ƙara da ƙurar hunturu da iskar arewa ke turowa ta kowace kafa, da hayaƙin turaren wuta wanda ɗakin mace ba ya rabuwa da shi, da danshin da bangon ƙasa ke sha da damina. Ga kuma gara, wadda ba ta da abincin da ya fi takarda. Masu liƙa hoto da kunun sitaci kuwa sun haɗa wa gara da kyankyaso walima ne, domin za su ci kunun su haɗa da takardar, su yi gida a bayanta ba wanda ya gani.

Ku 'yan kasuwa kun fi kowa sanin lissafi. A ce hoto ɗaya dala 100 ne, wato sefa 500. Uwa ta sayi shida, jika 3 ke nan. Idan kowace shekara sai an sauke an sake, cikin shekara huɗu an kashe jika 12 kuma babu abin nunawa sai tabon ƙusa. Da an haɗa wannan kuɗi tun farko an sayi abu ɗaya mai kauri, an kai wa kafinta ya yi masa firam da gilashi, da 'yar da aka haifa a ɗakin za ta tashi ta gan shi. Gaskiyar masu iya magana ce da suka ce araha ba ta ado.

Wadda ta riga ta saya kuwa, ga abin da zai taimaka. Kada a rataye hoto a bangon da ke fuskantar ƙofa ko taga inda rana ke sauka. A nisanta shi da inda ake ajiye kaskon turare. A rataye shi da ƙusa mai tsawo da aka kafa a karkace, a bar tazarar yatsa tsakaninsa da bango don iska ta riƙa ratsawa, a kuma riƙa ɗaga shi ana duba bayansa duk lokacin da ake sharar yanar gizo. A sa shi daidai idon mutum a tsaye, ba can kusa da rufi ba inda sai an ɗaga wuya. Kuma a bar wa bango wurin numfashi. Ɗakin da aka cike ko'ina da hotuna kamar shagon aski, ido ba ya samun inda zai tsaya.

Tambaya ta biyu ita ce dacewa, kuma ita ce ta fi nauyi. Abin da ke bango shi yaro ke fara gani da safe, shi yake gani kafin barci. Mene ne ribar a rataye wa jikanki hoton gida cikin dusar ƙanƙara da tebur na 'ya'yan itacen da ba a nomawa a ƙasarsa, sai dai ya taso yana ganin cewa duk abu mai kyau yana wata ƙasa? Akwai hotunan da ke ɗauke da rubutun Turanci ko na Sinanci wanda mai ɗakin ba ta san abin da yake faɗa ba, mai sayarwar ma bai sani ba. Akwai na 'yan fim, na Indiya da na Hausa, waɗanda yau ana yayinsu gobe an manta. Akwai fastocin 'yan siyasa da ake rabawa kyauta lokacin zaɓe, mai hoton ya daɗe da sauya jam'iyya amma yana nan yana murmushi a kan gadon amarya.

Sannan ga batun addini, wanda ba a iya kauce masa a nan. Malamai da yawa ba sa son a rataye hoton abu mai rai a ɗaki, musamman inda ake salla, don haka wadda ke shakka ta tambayi malamin garinsu kafin ta fitar da kuɗinta. Masu ɗauke da ayoyi da sunayen Allah kuwa amana ce. Kafin a saya a ba wanda ya iya karatu ya duba, domin ba kowane mai injin ɗab'i ne ya san abin da yake bugawa ba. Kuma a yi tunanin ƙarshensu: takardar da ta koɗe ta yage, ina za ta? Abin takaici ne a ga aya a kan juji ko an naɗe ƙosai da ita. Ɗan kasuwar da ke baje irin waɗannan a ƙasa, ƙafafu na tsallake su, akuya na shinshina su, ya kamata ya ji tsoron Allah ya nemi igiya ya rataye.

Tambaya ta uku ita ce ta aljihu. Mafi yawan hotunan nan daga nesa suke, wasu daga Sin, wasu daga Indiya, wasu daga madaba'un Legas, su biyo ta Kano ko Maraɗi kafin su iso Kasuwar Dole ta Damagaram, sannan a ɗauko su zuwa Tanut mai nisan kimanin kilomita 150. Kowane hannu ya ci nasa, abin da ya rage wa mai rumfa a Falanko bai taka kara ya karya ba. Kuma mun ga yadda kayan nesa ke yi idan hanya ta toshe. A watan Janairun 1994 an karya darajar sefa da rabi. Daga watan Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an sake rufe iyakar, ba a buɗe ba sai a watan Maris na 2024. Wanda jarinsa duk yana kan kayan da sai sun tsallako iyaka, ya san abin da ya sha a waɗannan lokuta.

Alhali kuwa ga masu sana'a a gefenmu. Ga mata masu saƙa faifai da tabarma mai launi, ga dukawan Damagaram da aikin fatarsu ya yi suna, ga masu zanen ƙwarya, ga masu tukwanen Mirriya, ga maƙeran farfaru na Buzaye, ga kuma malaman da suka iya zayyanar allo irin wadda ake yi wa mai saukar karatu. Faifai uku masu kyau da aka jera a bango sun fi kowane hoton magangarar ruwa, rana ba ta mayar da su shuɗi cikin wata uku, kuma kuɗinsu a tukunyar maƙwabciya za su ƙare.

Wani zai ce ai jama'a hoto suke so, mai haske, mai ƙyalli, kuma ɗan kasuwa abin da ake nema yake kawowa. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, amma rabinta ce. Mai saye yana zaɓa ne daga abin da ya tarar a rumfa, kuma ku ne kuke cika rumfar. Idan hoto ake so, me ya hana a buga namu? Yau samari na ɗaukar hoto mai kyau da waya, kuma a manyan garuruwa akwai shagunan da ke bugawa a takarda mai kauri ko a leda. Ga fadar Sarkin Damagaram, ga gidajen Birni masu zayyana, ga hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27, wadda tsohon garin da take ciki ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013, ga rumbunan gero na Damargu da kaka. Mutum ɗaya ba zai iya ba, amma idan ƙungiyar 'yan kasuwa ko mata masu adashi suka haɗa kuɗi suka sa a buga da yawa a lokaci guda, farashin kowane ɗaya zai sauko. A gwada da kaɗan a kasuwa biyu ko uku, gani ya kori ji.

Wata kuma za ta ce talaka abin da ƙarfinsa ya kai yake saye, kuma idan ɗakin 'yarta ya fita ba hotuna 'yan ganin ɗaki za su yi da ita. Ina jin wannan, domin gorin biki ba ƙaramin abu ba ne. Amma 'yan ganin ɗaki kwana ɗaya suke yi su watse, amarya ce za ta zauna da bangon, ke kuma ki zauna da bashin. Bangon da aka yi wa yaɓe mai kyau, aka shafe da farar ƙasa, aka rataye masa abu ɗaya na kirki, ba abin kunya ba ne a ko'ina. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima.

Daga ƙarshe ina kira ga iyaye mata da su ba adon bango irin lokacin da suke ba tukunya da katifa wajen ciniki. Ina kira ga masu sarowa da su ware ko da kashi ɗaya na jarinsu ga kayan masu sana'ar gida, su kuma faɗa wa mai saye gaskiya a kan wanda zai daɗe da wanda zai koɗe, domin wanda ka faɗa wa gaskiya bana shi zai dawo rumfarka baɗi. Su kuma masu sana'ar hannu su gyara aikinsu, su sa masa maratayi, su cika alkawari ranar da suka ce. Allah Ya sa albarka a kasuwanninmu, Ya ba amare zaman lafiya a ɗakunansu, amin.