Umarnin Komawa Ofis: Yaya Majinyaci da Mai Jinyarsa Za Su Yi?

A watan Satumba na 2024, shugaban kamfanin Amazon, Andy Jassy, ya sanar da ma'aikatansa cewa daga Janairun 2025 kowa zai riƙa zuwa ofis kwana biyar a mako, kamar yadda ake yi kafin annobar korona. Bankin JPMorgan na Amurka ya bi sahu a watan Maris na 2025. A nan gida ma, gwamnatin jihar Legas ta soke tsarin aiki daga gida da ta ba ma'aikatanta, daga ranar 31 ga Maris, 2025.

Mai karatu a Masama, Gwandu ko Kalgo zai iya cewa ina ruwan biri da gada, tunda manomi da malamin makaranta da ma'aikaciyar jinya ba sa aiki ta kwamfuta daga ɗaki. Amma idan aka saurari koken waɗancan ma'aikata, za a ji tambayar da likitoci ke sha kullum a ɗakin duba marasa lafiya: yaya zan haɗa aikina da zuwa asibiti?

Me ma'aikatan ke cewa?

Bayan sanarwar Amazon, manhajar Blind ta ji ra'ayin ma'aikatan kamfanin sama da 2,500, kuma kashi 73 cikin ɗari suka ce suna tunanin neman wani aiki. A watan Oktoba na 2024, sama da mutum 500 na sashen AWS sun rubuta wa shugabansu wasiƙa, suna cewa umarnin zai fi cutar da masu renon yara da masu lalura ta musamman. Ma'aikatan JPMorgan sun haɗa takardar koke, amma shugaban bankin, Jamie Dimon, ya yi watsi da ita.

Su ma shugabannin suna da hujjarsu. Sun ce sabon ma'aikaci ya fi koyon aiki idan yana kusa da na gaba da shi, kuma shawara ta fi sauri ido da ido.

Bincike ya nuna akwai hanyar tsakiya. A watan Yuni na 2024, mujallar Nature ta wallafa gwajin da Farfesa Nicholas Bloom da abokan aikinsa suka yi kan ma'aikata 1,612 na kamfanin Trip.com a ƙasar Sin. Waɗanda aka bari su yi aikin kwana biyu a gida, uku a ofis, barin aikinsu ya ragu da kashi ɗaya bisa uku, ingancin aikinsu kuma bai ragu ba. Mata da masu zuwa daga nesa na cikin waɗanda suka fi amfana.

Sai dai zaman gida shi ma yana da nasa illar. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun yi gargaɗin cewa aiki daga gida ba tare da tsari ba yana jawo kaɗaici, ciwon baya, yawan zama wuri ɗaya da zarce lokacin tashi. Tun a 2021 hukumomin biyu suka bayyana cewa aikin awa 55 ko fiye a mako yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari.

Yadda abin yake a Najeriya

A watan Maris na 2020 gwamnatin tarayya ta ce ma'aikata daga matakin albashi na 12 zuwa ƙasa su zauna a gida saboda korona, kuma daga baya ta umarce su da su koma bakin aiki ranar 1 ga Disamba, 2021. A wannan ranar ce jihar Kaduna ta fara tsarin zuwa ofis kwana huɗu a mako.

Da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta wuce 1,000 a Oktoban 2024. Jihohin Kwara da Edo suka rage ranakun zuwa ofis zuwa uku a mako, Legas ta bi baya a Fabrairun 2024. Wato a nan kuɗin mota ne ya haifar da muhawarar. A jihar Kebbi, Gwamna Nasir Idris, tsohon shugaban ƙungiyar malamai ta ƙasa, ya sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira 75,000 a Oktoban 2024. Ƙarin albashi yana rage raɗaɗin kuɗin mota, amma ba ya ƙara wa majinyaci ranar ganin likita.

Inda lafiya ke shan wuya

A ce ga ma'aikaci a Masama mai hawan jini da ciwon suga, wanda ke ganin likita a Asibitin Sir Yahaya da ke Birnin Kebbi ko a Kalgo. Asibitocin gwamnati galibi suna duba irin waɗannan majinyata ne da safe a ranakun aiki, daidai lokacin da ake jiransa a ofis. Kowane zuwa yana cinye masa yini guda da kuɗin mota zuwa da dawowa. Idan shugabansa ya fara ɗaure fuska, abin da zai fara yadawa shi ne ranar asibiti, domin hawan jini ba ya yawan nuna alama. Wata uku, wata shida, magani ya ƙare ba a sabunta ba, sai dai a kawo shi ranga-ranga da shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda.

Mai wankin ƙoda yana buƙatar zuwa sau biyu ko uku a mako, kowane zama kusan awa huɗu. Mai tarin fuka yana shan magani aƙalla wata shida, kuma yankewa a tsakiya na iya sa ƙwayar cutar ta daina jin magani. Mai juna biyu ana son ta je awo aƙalla sau takwas. Mai sikila kuwa, doguwar tafiya a kan babur cikin zafin Afrilu, ga ƙarancin ruwa a jiki, na iya tayar masa da ciwon.

Kada a manta da mai jinya. A asibitocinmu ɗan'uwa ne ke kwana a gefen gado, shi ke sayo magani, shi ke kai jini ɗakin gwaji. Sau da yawa shi ne kuma mai albashin da ake biyan kuɗin maganin da shi. Idan aikinsa ya salwanta, jinyar ma ta tsaya.

Abin da doka ta tanada

Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba ma'aikaci hutun rashin lafiya har kwana 12 na aiki a shekara tare da biya, matuƙar likita mai rajista ya ba da shaida. Ta ba mai haihuwa hutun mako 12, da rabin awa sau biyu a yini domin shayarwa bayan ta koma aiki. Wannan doka ta fi shafar leburori da ƙananan ma'aikatan ofis. Ma'aikatan gwamnati suna da nasu ƙa'idojin. Akwai kuma dokar 2018 da ta haramta nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci wajen aiki.

Matakan da za ka ɗauka

1. Nemi likitanka ya rubuta takarda mai nuna sau nawa kake buƙatar zuwa asibiti. Ba dole ba ne a rubuta sunan cutar, sirrinka ne.
2. Kai wa shugabanka jadawalin tun da wuri, a rubuce, ka ajiye kwafi. Ka zo masa da mafita, kamar musayar rana da abokin aiki ko rama awannin da ka rasa.
3. Tambayi likita ko za a haɗa maka gwaji da ganin likita a rana ɗaya, ko a rubuta maka maganin wata biyu zuwa uku idan ciwon ya daidaita.
4. Auna jini da suga a asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, ka rubuta sakamakon a littafi ka kai wa likita.
5. 'Yan'uwa su raba kwanakin jinya, kada nauyin ya faɗa kan mutum ɗaya.
6. Idan an hana ka haƙƙinka, ka sanar da ƙungiyar ƙwadagonku.

Akwai alamun da ba a jiran izinin kowa: karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, sarƙewar magana, ciwon ƙirji mai tsanani, numfashi da ƙyar, ko zubar jini ga mai ciki. A wuce asibiti nan take, a yi wa ofis bayani daga baya.

Ga shugabannin ma'aikatu, makarantu da kamfanoni kuwa, ba kowane aiki ne ake iya yi daga gida ba, amma kusan kowane wurin aiki na iya sassauta wa ma'aikaci yini ɗaya a wata domin ganin likita. Wannan ya fi arha a kan rasa shi wata shida yana kwance. Ya dace ƙungiyoyin ƙwadago a Kebbi su sa wannan batu a teburin tattaunawa kamar yadda suke sa batun albashi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri.