SHARHI: Bankuna Su Raini Ƙwararrunsu, Su Bar Zawarcin Na Maƙwabta

A watan Maris na shekarar 2024 Babban Bankin Nijeriya ya umurci bankunan kasuwanci su ƙara jarinsu, inda ya yanka wa mai hulɗa da ƙasashen waje Naira miliyan dubu 500, mai aiki a faɗin ƙasa miliyan dubu 200, na shiyya kuwa miliyan dubu 50. Jari dai ana iya tara shi cikin shekara biyu ta hanyar sayar da hannun jari. To amma ma'aikacin da zai juya wannan dukiya, ya tantance wanda ya cancanci rance, ya kuma tsare na'urori daga 'yan damfara, sai an shekara da shekaru ana rainonsa.

Wannan matsala tsohuwa ce. Bayan da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɓullo da shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986, aka sassauta ba da lasisi, yawan bankuna ya tashi daga kimanin 40 a 1985 zuwa kusan 120 a farkon shekarun 1990. Bankuna sun ninka har sau uku, ƙwararru kuwa suna nan yadda suke. Sai sababbin bankuna suka shiga zawarcin ma'aikatan tsofaffin da albashi mai tsoka da mota da muƙami, har wanda bai gama sanin aikin kanta ba ya wayi gari manaja. Rashin gwaninta ya haɗu da rashin amana, basussuka suka maƙale, kuma a watan Janairu na 1998 aka soke lasisin bankuna 26 a rana guda. Masu ajiya ne suka sha wahalar.

A 'yan shekarun nan ƙarancin ya sake kunno kai ta wata fuskar. Matasa masana kwamfuta da ke kula da na'urorin bankuna sun yi ta ficewa zuwa Ingila da Kanada, wasu kuma suka koma kamfanonin hada-hadar kuɗi ta wayar hannu. Duk ɗan kasuwar da ya ga ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 ya san yadda aika kuɗi ya riƙa cijewa, a cire wa mai saye, mai sayarwa bai gani ba. Yawan jama'ar da suka rufar wa na'urorin na cikin dalilai, amma gyara ba ya sauri inda masu gyaran suka yi kaɗan.

Abin takaici, maganin da bankuna da yawa suka fi runguma shi ne dai na da, wato ɗauke ma'aikacin wani banki da ƙarin albashi. Wannan dabara ba ta ƙara ko mutum ɗaya a cikin masu gwaninta. Tsadarsu kawai take ƙarawa, kuma a ƙarshe abokin hulɗa ne ke biya ta hanyar kuɗin ruwa da cajin banki.

Gyara na farko shi ne a faɗaɗa ƙofar shiga. Tallace-tallacen neman sababbin ma'aikata sukan ƙayyade shekara 26 ko 27. Ɗan talakan da ya yi jami'ar gwamnati, yajin aikin ƙungiyar malamai ta ASUU ya cinye masa wata tara a 2020 da wata takwas a 2022, sannan ya yi shekarar yi wa ƙasa hidima, sau da yawa ya wuce wannan iyaka ba da laifinsa ba. Haka kuma masu babbar difloma, waɗanda akan ɗauka aikin kwantiragi su shekara goma a kanta babu ƙarin girma, sun san aikin banki ciki da waje. Kamata ya yi a buɗe masu jarrabawar da za ta mai da su cikakkun ma'aikata.

Na biyu, a nemi mutane inda kasuwa take. Rance ga dillalin hatsi a Dawanau ko mai sayar da atamfa a Kantin Kwari yana buƙatar jami'in da ya san harshen mutanen da lokutan cinikinsu. Bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, tun daga Jaiz da ya fara aiki a 2012 zuwa TAJ da Lotus, suna buƙatar wanda ya haɗa ilmin lissafin kuɗi da na fiƙihun ciniki. Jami'ar Bayero ta Kano tana da cibiyar koyar da wannan fanni, kuma bankin da ya ɗauki nauyin ɗalibai tun suna aji zai same su a shirye ranar da suka gama.

Na uku, horarwa ta zama ta haɗin gwiwa. Cibiyar horar da ma'aikatan harkokin kuɗi ta FITC, wadda kwamitin shugabannin bankuna ya kafa a 1981, da Cibiyar Ƙwararrun Ma'aikatan Banki ta Nijeriya suna nan, sai dai a ƙara masu ƙarfi.

Masu banki za su ce wanda aka kashe wa kuɗi aka horar gobe zai tafi. Gaskiya ne wasu za su tafi. Ana iya rage wannan da yarjejeniyar yin aiki na wasu shekaru bisa adalci, da tsarin ƙarin girma bayyananne. Kuma idan kowane banki yana horarwa, tafiyar mutum ɗaya ba ta durƙusar da sashe.

Don haka ya dace Babban Banki, wanda ke tambayar bankuna yawan jarinsu, ya riƙa tambayar su kowace shekara mutum nawa suka horar da kansu, nawa kuma suka ɗauko daga maƙwabta.