Hannun jari: kafin ka shiga, duba ƙofar fita

Ɗan kasuwar Babban Katami, Madawa ko Buza da ya taɓa zuba albasa a rudu ya san ribar jira, ya san hasararta: farashi zai tashi bayan damina, amma wani kashi zai ruɓe kafin nan. Mai irin wannan sana'a, in kuɗi suka ɗan taru aka kawo masa zancen BRVM, kasuwar hannun jari ta ƙasashe takwas na UEMOA da aka buɗe a Abijan a 1998, wane kamfani zai saya, babba ko ƙarami?

A 1981 wani masani, Rolf Banz, ya bi diddigin kasuwar Niyok ta shekaru da dama, ya ga ƙananan kamfanoni sun fi manya kawo riba. Ba kyauta ba ce, ladan kasada ce. Ƙaramin kamfani yana da filin girma, amma bashi na yi masa tsada, kasuwarsa ɗaya, mummunar shekara guda tana iya durƙusar da shi. Bayan an yayata binciken ma, tazarar ta ragu sosai.

Wancan zancen Amurka ne. A nan wurinmu, dubi Sonatel ta Sanagal: tana aiki har Mali, Gine, Gine Bisau da Saliyo, in wata ƙasa ta rikice sauran su riƙe ta. Kamfanin Nijar ɗaya tak a BRVM shi ne Bank of Africa Niger, tun 2003, kuma cinikinsa a gida yake. Da takunkumin CEDEAO da UEMOA ya faɗo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, bankunan ƙasarmu ba su da wata mafaka. Batun kuɗin ruwa a jarin banki kuwa, kowa ya je ga malaminsa, ba hurumina ba ne.

Ni abin da ya fi damuna shi ne sayarwa. A BRVM farashi ba ya hawa ko sauka fiye da kashi 7.5 cikin 100 a yini, kuma jarin wasu ƙananan kamfanoni kan wuni ba mai tayawa. Ranar da kake neman kuɗin taki ko man injin ban-ruwa, takarda ta nuna ka ci riba, aljihu ba ko dala. Wanda dukiyarsa ta riga ta rataya a kan albasa da ruwan sama, kasadarsa ta ishe shi. Ya fara da manyan da ake cinikinsu kullum, ƙananan kuma ya ba su kuɗin da zai iya mantawa da su shekaru.

Girma ma ba laya ba ne. Masu jari a Oceanic Bank da Intercontinental Bank na Najeriya sun gani a 2009, lokacin da gwamnan Babban Bankin ƙasar, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabanninsu. Don haka in ka je wurin dillali irin SGI Niger a Yamai, kafin zancen riba, ka ce a nuna maka hannun jari nawa na kamfanin da kake so aka saya a makon jiya.