Aljanin Aro Ba Ya Rufe Katara

'Yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, akwai wani irin littafi da ya cika wayoyinmu a 'yan shekarun nan, wanda ake karantawa a ɗakin kwana bayan an kashe fitila, ana kuwa jin nauyin ambatonsa a gaban malaman adabi. Labarin soyayya ne na cikin birni, a Kano ko Kaduna ko Abuja, inda 'yar jami'a ko ma'aikaciyar banki take kamuwa da son wani saurayi mai mota, daga bisani ta gane ashe ba bil'adama ba ne. Mun karanta irinsa da dama, sun kuma hana mu barci. Amma duk sa'ad da muka kai ƙarshe sai mu tashi da ƙorafi guda: soyayyar tamu ce, unguwannin namu ne, aljanin kuwa na aro ne.

In ba macijiyar finafinan Indiya aka ɗauko ba, irin ta Nagin na 1976, to, za a tarar da mataccen nan mai shan jini na Turawa, wanda littafin Twilight na 2005 ya mai da shi saurayin kwalisa, an naɗa masa rawani an ce ɗan sarkin aljanu ne. Ba ya tsoron kome, babu wata doka da ta ɗaure shi, aikinsa kawai ya ɓace ya bayyana, ya yi ta ruwan gwal da kuɗi. Wannan ai attajiri ne mai fiffike, kuma abin da yake ciyarwa a zuciyar mai karatu shi ne kwaɗayin miji mai dukiya.

Kada wani ya ɗauka shigar aljanu cikin ƙagaggen labarin Hausa baƙon abu ne. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, dukansu kuwa sun kai jarumansu ƙasar aljanu. A 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, labarin Boɗaɗo Bafillatana da Yasir wanda ba jinsinta ba, inda bayan adawar dangi har aljana ta shiga tsakani. Hanya dai an riga an share ta. Abin tambaya shi ne, me ya sa marubutanmu na yau suke tsallake rumbun gida su tafi bara?

Duk wanda ya fito daga yankin Mazanya da Magama a ƙasar Jibiya ya san girman rumbun nan. Daga can zuwa Maraɗi tafiyar ɗan lokaci ce a mota, Maraɗi kuwa ita ce inda sarakunan Haɓe na Katsina suka kafa sabon zama bayan jihadi ya fitar da su a farkon ƙarni na 19, suka tafi da al'adun da aka daina bayyanawa a birnin da suka baro. Masu bori suna ba da labarin Jangare, birnin iskoki mai gidaje 12, da Sarkin Aljan Sulaimanu, da Inna, da Malam Alhaji, da Sarkin Rafi, da Ɗan Galadima ɗan sarki mai ado da caca da ɓarnar dukiya. Wane marubucin soyayya ne zai nemi saurayi mai hatsari da ya wuce Ɗan Galadima? Har ila yau, a shekarun 1920 aka sami iskokin Babule a ƙasar Nijar, masu siffar sojoji da jami'an Turawan mulki. Ashe tun kafin a haife mu iskokinmu sun iya sa kaki su shiga ofis, balle su hau mota a titin Zoo Road.

Abin da ya fi sunaye muhimmanci shi ne ƙa'ida. Aljanin da kakanninmu suka sani yana da mazauni, ko kuka ko tsamiya ko tsohuwar rijiya, yana da lokacinsa, wato tsakar rana da almuru, yana kuma da abin da ke ɓata masa rai, kamar a watsa ruwan zafi ba bisimilla. In ya ba da, zai karɓa. Ƙa'idar nan ita ce gishirin labari, domin soyayyar mutum da aljan labarin iyaka ce: wa zai ƙetare, me zai biya, 'ya'yan kuma na wane ɓangare ne? Mutanen Mazanya ba sa bukatar a fassara musu wannan. Layin da Ingila da Faransa suka ja a farkon ƙarni na 20 ya bar gonar mutum a nan, surukansa a can. An rufe iyakar Jibiya daga Agustan 2019 zuwa Afrilun 2022, aka sake rufe ta daga Agustan 2023, bayan juyin mulkin Nijar, har zuwa Maris na 2024. Wanda ya ga an ɗage biki saboda dangin amarya suna ƙetare, ya riga ya san rabin labarin da muke roƙo a rubuta.

Mun san za a ce mana muna kiran mutane zuwa ga shirka. Ƙorafin ba na wasa ba ne, kuma ba mu manta an ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a a Kano a 2007 ba. Amsarmu ita ce, samuwar aljanu Alƙur'ani ne ya tabbatar da ita, har da sura guda mai sunansu, kuma ba da labari daban, yin girka daban. Babu wanda ya bar salla don ya ji labarin Bayajida da macijin rijiyar Kusugu ta Daura. In ma haɗari ake gudu, wanne ya fi: aljanin gida da ke nuna cewa duk mai ƙulla alkawari da iska zai biya da tsada, ko na aro da ke koya wa yarinya cewa arziki zai faɗo mata daga sama?

Lokaci kuwa ba ya jiranmu. Hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama a ƙasar Jibiya, tsofaffin da suka san tatsuniyoyi da kirarin iskoki sun watsu, wasu a cikin gari, wasu a ƙetaren iyaka, dandalin da ake hira da dare kuwa ya mutu. Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa, musamman na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, idan an yi hutu kowa ya zauna gaban kakarsa da wayar nan da yake karanta aljanin aro a ciki, ya naɗi abin da za ta faɗa. Masu alƙalami daga cikinmu su ɗauki wannan su kai shi kasuwar Kwari da harabar jami'a da shingen kwastan na Magama, su ba mu soyayyar da za mu karanta mu ce lalle wannan a gidanmu aka yi. Allah ya sa mu dace, amin.